Makafin Ƙudajen Auta

A aljihun gaban rigar Injiniya akwai abu biyu da ba ya fita gida sai da su: testa mai jan kai, da 'yar takardar ƙwayoyin borin jini. Testar tasa ce, da ita yake cin abinci, don gyaran wutar lantarki ne sana'arsa. Sunan Injiniya kuwa abokan aiki ne suka liƙa masa don tsokana, shi da bai wuce aji biyu na sakandare ba. Ƙwayoyin na 'yarsa Auta ne.

Auta tana da shekara shida rina ta harbe ta a wuya, a bayan gida wajen igiyar shanya. Kafin uwarta ta gama salati fuskar yarinya ta kumbura, idanu sun shige, numfashi yana fita da ƙyar kamar ta kafar allura. Injiniya ya saɓa ta a kafaɗa ya yi asibiti da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Da aka yi mata allura ta dawo hayyacinta, likita ya zaunar da shi ya yi masa bayanin da rabinsa bai shiga kansa ba. Abin da ya riƙe shi ne, akwai wani sinadari da jikin mutum ke fitarwa idan ya gamu da abin da bai yarda da shi ba, kuma jikin 'yarsa idan ya tashi fitarwa ba ya sanin iyaka. Ya roƙi likitan ya rubuta masa sunan a takarda. Histamin. Ya yi ta kallon baƙaƙen nan har ya haddace su, kamar yadda mutum ke haddace fuskar wanda ya taɓa tare shi a hanya.

Tun daga ranar bai sake sakin jiki ba. Ya sa raga a kowace taga. Duk gidan da ya je aiki a unguwa, idan ya ga gidan rina a ƙarƙashin rufi sai ya sauke shi kyauta. Auta ta girma, ta shiga jami'a, ta gama, ta koma digiri na biyu, amma har yau idan ta yi atishawa sau biyu a jere hannunsa ya kai aljihu.

"Wata rana sai ka sa wa iska raga," in ji matarsa.

"Da ana sayarwa da na saya," ya ce.

Da Auta ta ce masa bincikenta a kan idon ƙuda ne, tambaya ɗaya ya yi mata.

"Suna harbi, Mamana?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Ba sa harbi, Baba. Ƙananan nan ne masu bin ayaba idan ta nuna da yawa."

Shi ke nan, ya sa mata albarka. Abokan shago suka yi ta yi masa dariya, wai ya haifi likitar ƙuda. Bai damu ba. In dai ba harbi, ta karanci ko kiyashi ne.

Wata Litinin da safe ta roƙe shi ya bi ta makaranta. Akwatin fitilar da take gwaji da shi ya daina kamawa, mai gyaran wutar makaranta kuma sati biyu ke nan yana cewa gobe. Injiniya ya sa rigarsa mai kyau, ya rataya jaka, ya goya ta a babur.

Ɗakin binciken yana hawa na biyu, a ƙarshen baranda. Tun daga ƙofa warin yis ya tarbe shi, kamar gidan burodin da aka manta da ƙulli. Kantoci cike da 'yan kwalabe dogaye, kowace an toshe bakinta da auduga, a gindinta damammen garin masara, a ciki ƙananan ƙudaje suna hawa da sauka. A bakin famfo wani dattijo ne tsaye da rigar leda a gabansa, yatsunsa sun yi fari don jiƙa. Kowa Baba Mai Kwalabe yake ce masa.

"Kai ne uban wannan?" dattijon ya tambaya.

"Ni ne, Baba."

"To ka haifa. Shekarata talatin a bakin famfon nan, ita kaɗai ke ɗauraye kwalba kafin ta miƙo mini. Sauran sai ka ce uwarsu ce ni."

Injiniya ya ji kansa ya yi girma. Auta ta nuna masa akwatin: dogo ne na katako, cikinsa baƙin fenti, an kwantar da bututun gilashi a tsakiya, ƙwan fitila a ƙarshe ɗaya. Kafin ya kwance murfin aka leƙo aka ce Dokta na kiranta, wato malamar da ke duba aikinta. Ta fita. Baba Mai Kwalabe ma ya ɗauki tiren kwalabe ya wuce ɗakin da ake gasa su.

Ciwon akwatin ba wani babba ba ne, waya ce ta ƙone a mahaɗa. Injiniya ya yanke, ya fere, ya juya neman soket ɗin da zai gwada. A nan idonsa ya faɗa kan wani tire da aka jera a gefen teburin Auta: ƙaramin sikeli, cokali kamar na sakace kunne, da wata 'yar kwalba ruwan ƙasa da ba ta fi babban yatsa ba. A jikinta akwai alamar gargaɗi mai jan baki. Turanci ba ya zama masa da sauƙi, amma waɗannan baƙaƙen ko a juye aka rubuta su zai gane su.

Histamin. Ya matso, ya sake karantawa, ya ja da baya. Farar hoda ce a ciki, har wuya. Ɗigon dafin rina ɗaya ya tayar da wannan abu a jikin yarinyar har ya kusa raba shi da ita, yau ga shi nan an cika kwalba an ajiye mata a gefen littafinta, har da cokali.

Ya san in ya tambaye ta me za ta ce. Za ta yi murmushi ta ce Baba ka fiye tsoro, ta rako shi har babur, ta dawo ta buɗe. Bai tsaya dogon tunani ba. Ya ciro tsumman goge hannu ya naɗe kwalbar, ya cusa ta cikin gwangwanin da yake tara ƙusoshi, ya danne murfi, ya tura ƙasan jaka. Sannan ya ƙarasa haɗa wayar.

Da Auta ta dawo fitila na ci.

"Kai, Baba, ka cece ni! Tsaya in kawo maka shayi."

"A'a, Mamana, akwai mai jirana."

A hanya akwai wata gada a kan babban lambatu. Nan ya tsayar da babur, ya ciro gwangwanin da niyyar ya wurga kwalbar kowa ya huta. Sai ya hango awaki suna sha a ƙasa, can gaba wata mata tana ɗibar ruwan tana zuba wa shukarta. In kwalbar ta fashe fa? In wani mai irin jikin Auta ya ci ganyen? Ya daɗe tsaye, har wani mai mota ya yi masa hon. Ya mayar da gwangwanin. A shago ya saka shi cikin wata tsohuwar mita da ba ta aiki, ya ɗora jakar a kai, ya kulle shago da kwaɗo biyu. Gidan da Auta ke numfashi dai abin ba zai shiga ba.

Bayan la'asar ta dawo, idanunta jajur. Ta zauna a bakin ƙofar kicin kusa da uwarta, ko mayafi ba ta cire ba. Injiniya yana kan tabarma yana kwance wata tocila da lafiyarta ƙalau.

"Mama, kwalbata ta ɓata. Wata huɗu na yi ina jiran a kawo ta, kuma ita kaɗai ce a duk sashen. Yau ya kamata in dama wa ƙudajen. Saura kwana goma sha biyu masu jarrabawa su zo. In ba ni da sakamako, Dokta ta ce sai baɗi, in ma an bar mini gurbin."

"Kun duba ko'ina?"

"Har kwandon shara mun zazzage. Yanzu an ce Baba Mai Kwalabe zai amsa tambaya gobe a ofis, tunda shi ke goge tebura. Mama, tsohon nan har hularsa ya cire yana rantsuwa." Ta juyo. "Baba, da kana aiki ba ka lura da wata 'yar kwalba ba?"

"Wace iri?" ya ce, idonsa a kan tocila. "Mene ne a cikinta?"

Auta ta ɗan kalli uwarta. "Maganin ƙudajen ne kawai."

Ya ci gaba da kwance tocilar. A ransa ya ce shekara guda ba komai ba ce, shekara tana dawowa. Ya maimaita wa kansa wannan sau da yawa. Sai dai duk lokacin da ya kusa yarda, sai ya ga dattijon nan tsaye ba hula, da fararen yatsunsa.

Washegari Auta ta fita da sassafe ko karyawa ba ta yi ba. Matarsa ta ajiye masa shayi, ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Baban Auta, ina jakarka?"

"Tana shago."

"Shekara ashirin da takwas ina gidan nan, jakar nan ba ta taɓa kwana a waje ba. Ranar da aka haifi Auta ma da ita ka zo asibiti. Jiya ka kwance tocilata sau uku. Me ka yi?"

Ya faɗa mata abin da ya yi, yana kallon kofin. Ta zauna daɓas a kan kujera.

"Inna lillahi. Ashe ɓarawon a gidana ya kwana."

"Ba sata ba ce."

"To aro ne? Ka gaya wa mai ita?"

"Ke kin san mene ne a ciki? Abin nan ne! Wanda likita ya rubuta mini!"

"Na sani."

Ya ɗago kai.

"Shekara biyu ke nan da na sani. Ita ta roƙe ni kada in ambaci sunan a gabanka, ta ce in ka ji za ka je ka ɗauko ta daga makaranta a kafaɗa. Na ce haba, Babanki bai kai nan ba. Ashe ita ta fi ni saninka."

Maganar ta soke shi. "Wato ni kaɗai aka mayar bare a gidan nan."

"Ba wanda ya mayar da kai bare. Tsoronka ake tsoro. Ni ma uwarta ce, ni ma na ga fuskar nan ranar, har yau ina mafarkinta. Amma yarinya ba za ta ƙare rayuwarta a cikin aljihunka ba." Ta ɗauke shayin da bai taɓa ba. "Tashi. Tsohon mutane zai tsaya gaban ofis saboda kai. Ka sha in ka dawo."

A kan babur ya tsara abin da zai yi. Zai wanke dattijo, wannan dole ne. Amma zai miƙa kwalbar a hannun Dokta, ya kafa sharaɗi: kowa ya taɓa, ban da 'yarsa.

Ya same su su uku a ɗakin. Dokta mace ce gajeriya mai furfura a goshi, tabarau rataye a wuya. Baba Mai Kwalabe ya sa rigar fita, alamar ofis za shi. Auta tana durƙushe tana leƙen ƙarƙashin kanta. Injiniya ya yi sallama, ya zagaya ta nesa da 'yarsa, ya buɗe gwangwani, ya warware tsumma, ya ajiye kwalbar a gaban Dokta. Ƙusa biyu suka biyo ta suka gangara ƙasa, kowa ya ji ƙararsu.

"Ranki ya daɗe, ni na ɗauka. Baba bai san komai ba." Ya juya wajen dattijon ya rusuna. "Baba, ka yafe mini. Na sa ka rantsuwa a banza."

Baba Mai Kwalabe ya dube shi sama da ƙasa. "Kai! Ni da nake yabonka jiya? Na kwana ina lissafin ɗaliban da zan tsine wa, ashe uban ta-gari ne!" Ya cire hula ya share goshi, sai dariya ta ƙwace masa. "Wallahi na ga ɗalibi ya saci biro, na ga malami ya tafi da kujera, amma uba ya sace wa 'yarsa jarrabawa, yau na fara gani."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta miƙe a hankali.

"Baba, jiya na tambaye ka. Kana kallona ina kuka."

"Na gwammace kukan, Mamana."

"Har yaushe? Shekarata ashirin da biyar!"

Dokta ta ɗaga hannu. Ta ɗauki kwalbar ta duba murfin, ta ga ba a buɗe ba, hodar a bushe take, ta sauke numfashi. Ta jawo kujera ta ce ya zauna ya gaya mata dalili. Ya ba ta labarin rina, da takalmi ƙafa ɗaya, da takardar likita. Bai iya tsara magana ba, yana yi yana komawa baya, amma ba ta katse shi ba. Da ya gama, Dokta ta juya wajen Auta.

"Ke kina da wannan tarihin, shekara biyu ba ki gaya mini ba?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na ji tsoron ki canza mini aiki, Dokta."

"Ashe gado ne," in ji Baba Mai Kwalabe. "Kowa da abin da ya ɓoye a gwangwani."

"Malam," Dokta ta ce wa Injiniya, "abin da ka yi ba daidai ba ne, ka kusa jawo wa mutum biyu asara. Amma kafin mu yi maganar tsoronka, zo ka ga abin da ka ɗauke. Auta, nuna masa."

Auta ta ɗauko kwalba ɗaya ba ta kalle shi ba, ta juye ƙudajen cikin bututun gilashi, ta girgiza su zuwa ƙarshen da ke da duhu. Ta kunna fitilar da ya gyara jiya. Nan take suka ɗunguma wajen hasken kamar an buɗe ƙofar makaranta. Ta mayar da su, ta ɗauko wata kwalbar mai jan tambari, ta yi yadda ta yi. Waɗannan ko a jikinsu. Wani ya hau sama, wani ya tsaya yana goge ƙafafu, wasu suka juya wa fitilar baya.

"Makafi ne," ta ce. "Haka ake haifarsu."

Ta sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma ta ce ya leƙa. Injiniya ya rufe ido ɗaya ya leƙa, ya ɗago da sauri, ya sake leƙawa. Idon ƙudan ja ne jawur, an jera shi gida-gida ɗaruruwa, ba wanda ya karkace, ya fi duk wani allon fitilu da ya taɓa haɗawa kyau.

"Wannan idon ai lafiyarsa ƙalau."

"Lafiyarsa ƙalau. Haske yana shiga, idon yana ji, mun auna mun gani. Amma tsakanin ido da jijiyar da ke kai labari ƙwaƙwalwa akwai ɗan rata, ba su haɗe ba. Sai ido ya fesa wani sinadari ya tsallaka ratar, sannan jijiya ta san an ga haske. A wajen ƙuda da 'yan'uwansa ƙwari, sinadarin nan shi ne histamin. Waɗannan jikinsu ba ya iya yin sa."

Injiniya ya juya maganar a ransa. "Wato wuta tana zuwa har mita, ba ta shiga gida."

Auta ta dube shi karo na farko tun shigowarsa. "Haka ne, Baba. Shekara biyu ina neman yadda zan faɗe shi a taƙaice."

"In an ba su a abinci, idon yana ɗauka ya yi aiki da shi," in ji Dokta. "Wannan an riga an sani. Abin da 'yarka ke aunawa shi ne nawa ya isa, kuma kwana nawa ganin ke ɗaukar su bayan an daina ba su."

Ya kalli 'yar kwalbar. Shekara goma sha tara yana riƙe da sunan nan a matsayin abokin gaba, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai wata halitta da ke zaune cikin duhu don rashinsa ba. Amma tsoro bai sake shi ba.

"Ranki ya daɗe, in ta shaƙa fa?"

"Tambayarka tana kan hanya. Ni ba likitar mutane ba ce. Hodar ba ta tashi ta bi mutum, amma ba a so kowa ya shaƙe ta ko ta taɓa masa fata, balle wadda ke da tarihi. Ƙa'ida ita ce a auna ta a can." Ta nuna wani kabad na gilashi a kusurwa, mai bututu da ya fita ta bango. "Yana zuƙe iska ya fitar waje. Sai dai fankarsa ta mutu tun bara, mun rubuta takarda har mun gaji. Ni zan auna mata da kaina."

"A'a, Dokta," in ji Auta. "Aikina ne."

Injiniya ya kalli 'yarsa, ya kalli kabad ɗin. Sharaɗin da ya tsara a kan babur yana bakinsa. Ya haɗiye shi, ya ciro testa.

"Baba, akwai tsani a nan?" ya tambayi dattijon.

Minti arba'in ya yi a sama, Baba Mai Kwalabe yana riƙe da tsani yana yi masa tsiya, wai ya riƙe da kyau ne kawai don kada ɓarawo ya faɗo ya fasa masa kwalabe. Injin fankar bai ƙone ba, kafasita ce ta kumbura, wato 'yar na'urar da ke tayar da shi, kuma akwai irinta a jakarsa. Da ya kunna, fankar ta yi tari sau biyu ta kama. Ya yagi 'yar takarda ya saka a bakin gilashin, iska ta fizge ta ciki. Ya sake gwadawa da wata. Sai da Dokta ta ce ya isa, takardun nata ne.

Auta ta sa farar riga, safar hannu da takunkumi. Ta zura hannuwa cikin kabad ta buɗe kwalbar. Injiniya yana tsaye taku uku a bayanta, ƙwayoyin a tafin hannunsa, yana ƙirga numfashinta ta motsin kafaɗa. Abin da ta ɗiba a bakin cokalin bai kai abin da ke maƙalewa a yatsa in an taɓa gishiri ba. Ta narka shi a ruwa, ta rufe kwalba, ta cire safar, ta wanke hannu. Ta sauke takunkumi ta juyo. Fuskarta yadda take, sai shatin igiya a kumatu.

"Ka gani?"

"Na gani," ya ce. "Alhamdu lillahi."

Ta buɗe jakarta ta nuna masa aljihun ciki. Irin ƙwayoyinsa ne, da wata allura a cikin kwali. "Tun ina aji ɗaya a jami'a nake yawo da su, Baba. Kai ka koya mini."

Ranar Juma'a da hantsi ta kira shi a waya ta ce ya zo, kada ya tsaya sauya riga. Ya bar aikin wani gida rabi ya taho. Dokta na nan, Baba Mai Kwalabe ma ya bar famfo a buɗe sai da aka tuna masa. An saki labule, ɗakin ya yi duhu-duhu. Auta ta juye ƙudajen kwalba mai jan tambari cikin bututu, guda ashirin, ta girgiza su ƙarshe.

"Kwana uku suna ci. Ban gwada ba tukuna, na ce sai ka zo. Kai za ka kunna."

"Ni? Bayan abin da na yi?"

"Fitilarka ce."

Ya goge hannu a wando, ya yi bisimilla, ya danna makunni. Da farko ba abin da ya faru, har ya fara jin cewa zaman gwangwani ya lalata hodar, kuma shi ne sila. Sai ɗaya ya juya. Ya tsaya kamar wanda aka kira sunansa daga nesa, sannan ya kama hanya. Wani ya bi shi, sai uku a tare, sai ga bututun ya cika da tafiya.

"Ga su nan! Ga su nan, 'yan banza!" Baba Mai Kwalabe ya yi ihu. "Wata shida ina wanke musu kwano ba su taɓa ganina ba!"

Auta tana ƙirgawa da ƙarfi. Goma sha shida. Dokta ta sa tabarau ta ƙirga da kanta, ta ce saura kwana takwas, sun isa a maimaita a rubuta, in ba a sake samun wani mai gwangwani ba.

Injiniya bai ji tsokanar ba. Idonsa ya ciko. Yana so ya gode wa Dokta da ba ta kore shi ba, da dattijon da ya mayar da abin dariya, da matarsa da ta hana shi shayi, har da matar nan mai ban ruwa a ƙarƙashin gada wadda ba ta san ta yi komai ba. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Na gode, na gode," yana juyawa kowane gefe.

"Godiya ba ta gyara rediyo," in ji Baba Mai Kwalabe. "Tawa tana gida, gobe zan kawo maka. Kuma a gabana za ka gyara."

Injiniya ya ce ya ji. Ya mayar da testa aljihu kusa da ƙwayoyin, ya sake sunkuyawa kan akwatin. Can ƙarshen duhu guda huɗu suna nan inda aka bar su.

"Mamana, waɗannan fa? Ko ba su ci ba ne? Ko an yi musu kaɗan? Kada a ce tun jiya ba su..."

"Baba," ta ce, ta dafa hannunsa, "ka ba su lokaci."

Bai ɗaga kai ba. Yana nan sunkuye har ɗaya daga cikin huɗun ya gama goge fuskarsa, ya juyo wajen fitila.